Kat-kat Mai Lantarki a Maraɗi: Nisan Tafiya, Caji da Lissafin Kuɗi

Ƙarancin man fetur da aka yi fama da shi a Nijar a watan Maris na 2025, lokacin da motoci da babura suka yi dogayen layuka a gidajen mai, ya sa mutane da dama sun fara tambayar ko lokacin motar lantarki ya yi. Bidiyon BYD da Tesla da Volkswagen suna yawo a WhatsApp da TikTok, kowanne da adadin da ya zo da shi. Wani ya ce caji ɗaya yana kai mutum kilomita 500, wani ya ce zafin Maraɗi zai kashe batirin cikin shekara biyu, wani kuma ya ce da farantin sola guda a saman mota an rabu da sayen mai har abada. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma zancen da ba shi da tushe. Wannan sharhi zai rarrabe su, ta hanyar auna manyan motocin lantarki da hanyoyin da mutumin Maraɗi yake bi da kuma wutar da yake samu.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

SUV suna ne na mota mai tsayin ƙafa da faɗin ciki, irin su RAV4 da Highlander da Prado, wadda a Nijeriya ake ce wa jif, a nan kuma kat-kat. Ba kowace SUV ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Yawancin na lantarki masu sauƙin kuɗi da ƙafa biyu suke ja, kuma an ƙera su ne domin kwalta.

Mota mai lantarki zalla ba ta da inji mai ƙona mai, ba ta da tanki, ba ta da salansa. Batiri ne babba a shimfiɗe a ƙarƙashinta, yana ba na'urar da ke juya ƙafafu wuta. Ta bambanta da haibirid, wato mai haɗa inji da batiri. Haibirid iri biyu ce: wadda ba a jona ta da wuta, injinta ne ke cika ɗan ƙaramin batirinta, da wadda ake jonawa ta yi 'yan kilomita gommai da wuta kafin inji ya karɓa. Da yawa daga motocin da ake kira na lantarki a bakin kasuwa haibirid ne.

Sai ma'auni biyu da ake yawan rikitawa. Kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh, shi ne yawan wutar da batiri ke ɗauka, kuma da shi kamfanin wuta na NIGELEC ke lissafa kuɗin wutar gida. Kilowat, wato kW, shi ne ƙarfin da wutar ke shiga da shi. Na farko kamar girman tankin ruwa ne, na biyu kamar faɗin bututun da ke cika shi. Mota mai babban batiri da aka jona da ƙaramar wuta za ta yi kwana tana jira.

Nisan da ke kan takarda da nisan da ke kan hanya

Babban tushen ruɗani shi ne adadin kilomita da kamfani ke bugawa. Wannan adadi yana fitowa ne daga gwajin da ake yi a ɗaki, kuma gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne. Na ƙasar Sin, CLTC, ya fi kowanne sassauci, domin yawancinsa tafiya ce a hankali irin ta cikin gari. Na Turai, WLTP, yana tsakiya. Na Amurka, EPA, shi ya fi kusa da abin da direba zai gani. BYD Atto 3, wadda a Sin ake kira Yuan Plus, mai batirin kWh 60, ana rubuta mata kilomita 510 a gwajin Sin, amma 420 a gwajin Turai. Mota ɗaya ce, batiri ɗaya. Duk wanda aka nuna wa adadi, tambayarsa ta farko ita ce: da wane gwaji aka samo shi?

Ko adadin Turai ma ba na hanyar Maraɗi ba ne. Motar lantarki ta fi cin wuta a kan babbar hanya, saɓanin motar mai, domin gudu yana ƙara ƙarfin iskar da take tunkuɗewa, a cikin gari kuwa duk lokacin da aka taka birki tana mayar da wani abu cikin batiri. A ƙara da na'urar sanyaya ciki, wadda a watan Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, babu mai kashe ta. A ƙara da kaya da fasinja da ramukan hanya. Matsakaiciyar SUV a irin wannan hali tana cin kusan kWh 20 a kowace kilomita 100. Batirin kWh 60 ke nan ya ba da kilomita 300. Mai hankali kuma ba ya barin batiri ya ƙare ƙarƙaf a daji, balle a hanyoyin kan iyaka da ba a son dare ya riski mutum a tsaye. Abin da za a dogara da shi bai wuce kilomita 240 zuwa 260 ba.

Idan aka ɗora wannan a kan taswira, hoton ya fito fili. Tsibiri da Jiratawa kowanne 'yan kilomita goma sha ne daga tsakiyar Maraɗi. Madarunfa da Ɗan Isa da Gidan Rumji duk suna cikin da'irar da mota za ta je ta dawo ba ta ci rabin batiri ba. Katsina ba ta kai kilomita 100 ba, zuwa da dawowa caji ɗaya ya isa. Damagaram, mai kusan kilomita 240 ta Gazawa da Tasawa, tana bakin iyakar ƙarfin irin wannan mota: za a isa, amma ba za a juyo ba sai an kwana ana caji. Yamai kuwa ta haura kilomita 650 ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Babu SUV ɗin lantarki daga cikin waɗanda ake yawan ambata da za ta ci wannan hanya da caji ɗaya, komai abin da takardarta ta ce.

Motocin da aka fi kwatantawa

Atto 3 ita ce ƙaramar cikinsu a batiri, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. Ƙarfin cajinta na gaggawa yana tsayawa kusan kW 88. Abin da ya ba ta daraja a ƙasar zafi shi ne irin batirinta, wanda za a yi bayaninsa a gaba. Hyundai Kona mai kWh 64 tana da kilomita 484 a gwajin Turai, domin ƙarama ce kuma ba ta da cin wuta. Ita ce kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka nuna ta a ƙarshen 2020. Sai dai mai sayen tsohuwarta ya bincika, domin a 2021 Hyundai ya janye dubban Kona na farkon fitowa don a sauya musu batiri saboda haɗarin gobara.

Volkswagen ID.4 mai kWh 77 tana kai wajen kilomita 520 a gwajin Turai, cikinta ya fi faɗi, amma nauyinta ya haura tan biyu. Tesla Model Y mai dogon zango ƙirar 2023 tana da kilomita 533 a gwajin Turai, kuma ita ce motar da aka fi saya a duniya baki ɗaya a 2023. Rabin abin da ya sa ake son ta a Amurka da Turai shi ne tashoshin caji na kamfanin da ke warwatse a kan hanyoyinsu, waɗanda babu su a Nijar. Hyundai Ioniq 5 tana iya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari a minti 18, idan ta samu na'urar caji mai kW 350. Wannan sauri gaskiya ne, amma kuɗin da aka biya dominsa ba zai amfani mai mota ba inda babu irin wannan na'ura.

A nan ne kwatancen da ake karantawa a mujallun waje yake rasa amfani. Su suna fifita mota saboda ta fi wata da kilomita 60 ko ta fi ta saurin caji da minti goma. A Maraɗi bambancin kilomita 420 da 530 ba ya sauya jerin garuruwan da za a iya zuwa a dawo, sai dai ya ba mai zuwa Damagaram kwanciyar hankali.

Ina za a samu wutar?

Caji hawa uku ne. Na farko shi ne soket na gida, mai ba da kusan kW 2. Batirin kWh 60 da ya ƙare zai ɗauki kusan awa 30 kafin ya cika. Adadin yana ba da tsoro, amma wanda ke yin kilomita 50 a yini kWh 10 kawai ya ci, kuma awa biyar ko shida sun mayar masa da su. Na biyu shi ne akwatin caji da ake kafawa a bango, mai kW 7, wanda ke cika batiri cikin awa tara ko goma. Gidaje da yawa ƙarfin da suka yi rajista da shi a NIGELEC bai kai haka ba, don haka sai an ƙara ƙarfin mita, an sauya wayoyi, an kuma yi wayar ƙasa mai kyau, domin yawancin na'urorin caji ba sa tashi idan babu ita. Na uku shi ne cajin gaggawa na tasha, daga kW 50 zuwa sama, mai cika yawancin batiri cikin ƙasa da awa guda. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ba ta da jerin irin waɗannan tashoshi da matafiyi zai tsara tafiyarsa a kansu.

Bakin jonawa ma ba ɗaya ba ne. Motar da aka yi wa kasuwar Turai tana da CCS2, ta kasuwar Sin tana da GB/T, ta Amurka tana da CCS1 ko bakin Tesla. Akwai mahaɗi da ake sayarwa, amma na cajin gaggawa yana da tsada kuma ba koyaushe yake aiki ba. Motocin da aka ɗauko kai tsaye daga kasuwar Sin sukan zo da allo mai rubutun Sinanci da manhajar da ba ta sabuntuwa a wajen ƙasar.

Duk wannan yana bayan babbar tambaya, wato ko wutar ma tana nan. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana shan wuta ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar a farkon Agusta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a 2024. Mazauna Maraɗi ba su manta da waɗannan watanni ba. Ko a lokacin zaman lafiya, ɗauke wuta ya fi yawa a bazara, daidai lokacin da mota ta fi cin wuta.

Saboda haka hankali ke komawa ga rana, wadda Allah ya hore wa wannan yanki. Farantan sola masu ƙarfin kW 1 suna ba da kusan kWh 4 zuwa 5 a yini. Mai tafiyar kilomita 50 yana buƙatar abin da ya haura kW 2, wato manyan faranti biyar ko shida, ban da na amfanin gida. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a wurin da rana tsaka. Wanda motarsa ke yini a ƙofar shago ko ofis, can ya kamata a kafa farantan, in ba haka ba sai ya sayi wani batirin da zai tara wutar zuwa dare, kuɗi kuma ya ninka. Ƙurar hunturu tana rage abin da faranti ke bayarwa idan ba a goge shi. Faranti guda a saman mota kuwa, ko ya yini a rana, abin da zai tara bai wuce tafiyar kilomita goma ba.

Lissafin kuɗi

A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, kusan dala ɗari a lissafin kasuwa, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. SUV mai shan lita 10 a kilomita 100 tana cin kusan jika biyar ke nan. Motar lantarki a wannan nisa tana jan kusan kWh 20 daga bango. Idan aka ɗauki sefa 100 kowace kWh don sauƙin lissafi, jika biyu ne. Kowa yana iya duba takardar wutarsa ya sa nasa farashin. Rarar jika uku a kowace kilomita 100, ga mai yin kilomita 15,000 a shekara, ta zama sefa 450,000. A ƙara da rashin juyen mai, da rashin sauya filogi da matatar mai, da birki mai daɗewa.

Rara ce ta gaske, amma ba mai yawa ba idan aka kwatanta da kuɗin saye. Idan motar lantarki ta fi takwararta ta mai tsada da sefa miliyan biyar, sai an haura shekara goma kafin a mayar da bambancin. Mutumin Maraɗi kuma ba sabuwa da sabuwa yake kwatantawa ba, da tsohuwar Toyota mai lafiya yake kwatantawa, wadda zai iya sayar da ita gobe a Katsina ko Agadas ba tare da wahala ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Kwatano da aka saba ta tsaya, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya ƙaru a kan kowace mota kafin a je ga duwan.

Idan kuma aka koma caji da janareta, ribar ta tafi. Litar gazuwal tana ba da kusan kWh 3. Kilomita 100 za su ci kusan lita bakwai, sama da jika huɗu, ban da lalacewar injin.

Akwai wata daraja da lissafin mai ba ya nunawa. Wasu motocin, kamar Atto 3 da Ioniq 5, suna iya fitar da wuta daga batirinsu zuwa kayan gida, kimanin kW 2 zuwa 3 da ɗoriya. Batirin kWh 60 zai riƙe fanka da firji da fitilu na kwanaki. A garin da ake ɗauke wuta, wannan ya cancanci a tambaya kafin a tambayi saurin mota.

Zafi, rairayi da gyara

Batiri ya fi son yanayi tsakanin digiri 20 da 30, kuma zafi mai ɗorewa yana saurin tsufar da shi. Abu biyu ke rage wannan. Ɗaya shi ne sanyaya batiri da ruwa ko iskar gas mai zagayawa, wanda duk motocin da aka ambata suna da shi, saɓanin tsohuwar Nissan Leaf da ta yi suna wajen raunana a ƙasashen zafi. Na biyu shi ne sinadarin batirin. Mai suna LFP, na lityam da ƙarfe da fosfet, wanda BYD ke amfani da shi, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ana iya cika shi fal kullum. Mai suna NMC, na nikel da manganis da kobalt, ya fi ba da nisa a nauyi ɗaya, amma ana so a tsaya da shi a kashi 80 a yawancin kwanaki. A ganina, ga Maraɗi, wannan bambanci ya fi adadin kilomita muhimmanci.

Kamfanoni sukan ba batiri garanti na shekara takwas ko kilomita 160,000. Motar da ɗan kasuwa ya shigo da ita ba ta hannun wakilin kamfani ba, da wuya wannan alkawari ya bi ta. Mai sayen tsohuwa ya nemi a jona na'ura a nuna masa lafiyar batirin, wato kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali, domin batiri shi ne kaya mafi tsada a jikin motar.

Nauyi yana cin taya, kuma yana nutsar da mota a rairayi. Batirin yana ƙasa, inda dutse ko tudun hanya ke duka. Hanyoyin ƙauye da mashigan Gulbin Maraɗi a damina ba su ne aka ƙera waɗannan motoci dominsu ba. Makanikan Maraɗi gwanaye ne a kan Toyota, kuma za su iya gyara ƙafa da birki da sitiyari na motar lantarki. Ɓangaren da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko 800 kuwa yana buƙatar horo da kayan kariya da kwamfutar bincike, domin kuskure a wurin yana kisa.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon baya suna nuni da Habasha, wadda ta hana shigo da motocin gida masu amfani da mai a farkon 2024, da kuma maƙwabta: a 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya, NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, a Maiduguri kuma motocin haya masu lantarki suna ɗaukar fasinja. Hujjarsu ita ce farashin batiri da na faranti yana ta sauka, rana kuwa babu ƙasar da za ta yanke wa Nijar ita.

Masu ja suna cewa halin Nijar daban ne. Habasha ba ta haƙo man da take sha amma tana da manyan madatsun ruwa. Nijar tana da mai a Agadem da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, wuta ce ba ta wadata da ita ba. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 Yamai take ciyarwa, madatsar Kandadji kuma ba a kammala ta ba. Suna tambaya ko daidai ne a zuba wutar unguwa a motar mutum ɗaya, alhali famfunan noman rani na Jiratawa da asibitoci da injinan niƙa suna jiran ta.

Akwai na uku masu cewa an fara daga inda bai dace ba. Kabu-kabu da adaidaita su ne ke yin kilomita masu yawa kullum a cikin ƙaramin fili, batirinsu ƙarami ne, ana iya cire shi a sauya da cikakke, kuma kuɗin mai shi ne babban abin da ke cin ribar mai su. A can ne lantarki zai fi saurin biyan kansa. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma bai saɓa wa na farko ba.

Wa ta dace da shi, kuma me zai biyo baya

Idan aka haɗa lissafin, SUV mai lantarki ta dace da mai gida ko ma'aikata da zirga-zirgarsu ke tsakanin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa da Madarunfa, masu wurin ajiye mota a inuwa, masu farantan sola ko ikon kafa su, waɗanda kuma suke da wata motar ta doguwar tafiya. Irin wannan mai saye ba ya buƙatar batiri mafi girma. Matsakaici na LFP, mai bakin caji irin na Turai, daga hannun wanda zai iya kawo kayan gyara, ya fi masa amfani. Wanda motarsa ɗaya ce, kuma hanyar Yamai ko Dakoro ko ƙauyuka ita ce sana'arsa, haibirid ta fi kusa da buƙatarsa a yanzu, domin tana rage shan mai ba tare da ta jira soket ba.

Idan motocin suka yawaita, wurin da za a fara jin nauyinsu shi ne taransifoman unguwa. Akwatin caji guda mai kW 7 yana jan abin da gidaje da dama ke ja, kuma yawancin mutane da magariba za su jona, lokacin da layi ya riga ya cika. NIGELEC za ta buƙaci sanin inda aka kafa su, da farashin da zai ƙarfafa caji da rana. Hukumar duwan za ta buƙaci ƙa'ida a kan shekarun mota da lafiyar batirin da za a bari ya shigo, don kada garin ya zama wurin zubar da waɗanda suka gaji a wasu ƙasashe. Makarantun koyon sana'a da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna da gurbin horar da masu gyara, 'yan kwana-kwana kuma suna buƙatar sanin cewa gobarar batirin lityam tana cin ruwa mai yawa kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.